Ƙwaryar Inna Kubra

Sanda, gorar ruwa, wuƙa a damtse, ƙullin goro, tsohon bargon soja. Abin da Gado ya ɗauko ke nan daga Dogon Kiriya, kuma hantsi bai gama ɗagawa ba jakinsa ya wuce rijiyoyin Sukukutane. Saƙon da aka kai masa gajere ne: an yi sata a Tungar Modibbo, ɗan ƙanwarsa ake tuhuma.

Gado mai bin sawu ne. Ya bi wa Faransawa sawun ɓarayin raƙuma, da suka sauke tutarsu ya ci gaba da bi wa sabuwar gwamnati, bai ga rairayi ya canza ba. Ɗan ƙanwar tasa, Issa, tun yana ƙarami lakwal, makarantar boko, ta ɗauke shi, daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Dakar, daga can Faransa. A wannan rani ya dawo da akwatin ɗaukar hoto a wuya, ya ce babban littafi yake rubutawa a kan zanen da matan Arewa ke ƙonawa a jikin ƙwarya. In malamansa suka karɓi littafin, za su ba shi matakin karatu na ƙarshe, wanda suke kira doktora. Mutane suka sa masa suna lokotoron ƙwarya, wato likitan ƙwarya. Gado bai gane karatun ba, amma bai taɓa taya su dariya ba. Abu ɗaya ya sani: ƙwaryar kirki a ɗakin mace take rataye, kuma in ba a ce wa Issa ya shigo ba, babu littafi.

Maigari Tukur ya tarbe shi a gindin gawo, mutanen gari sun yi masa zobe. Ya ce jiya aka yi suna a gidan Inna Kubra. Al'adar gidan, ruwan askin jariri a tsohuwar ƙwaryar da ta gada wajen uwarta ake zuba shi. Ɗanta ya sauke mata ita daga ragaya, tana kai hannu ta sake ta a ƙasa, ta ce wannan ba tata ba ce. An ɗauke ta gaske an rataye mai kama da ita, har da tsagewar da ke gefe da ɗinkinta. Tun lokacin maigari ya hana kowane baƙon suna barin gari.

Gado ya tambaya me ya sa aka tsaya kan Issa. Maigari ya ce shi kaɗai ya wuni yana kallon ƙwaryar nan watannin baya, shi ya ɗauke ta hoto ta kowane gefe, kuma kowa ya san Nasara na kwasar irin waɗannan kaya.

"Ban ɗaure shi ba, don darajarka," in ji maigari. "Amma in ba a ga ƙwaryar ga ba, zan aika kowane gari daga nan har Geceme. Ba wata mace da za ta ƙara buɗe mishi ƙofa."

Gado ya ce sawu ya zo bi. In sawun ya ƙare a ƙafar ɗan ƙanwarsa, a gindin gawon nan zai faɗa.

*

Ya kewaye garin a ƙasa, jama'a na biye da shi nesa kaɗan. Sawun da ya shigo yana da yawa: jakunan 'yan suna, raƙumi ɗaya, tayar keke. Wanda ya fita kaɗan ne. Shanu, da matan rijiya, su kuwa a ayari suke tafiya, kowace ta san ƙwaryar da ke kan 'yar'uwarta. Sai kuma a gabas, takalmin Nasara mai zanen tudu-tudu a tafinsa, ya fita daga bayan dangar Kubra ya nufi jeji.

Bayansa aka fara gunaguni. A garin nan mutum ɗaya aka sani da irin wannan takalmi.

Gado ya duƙa a kan sawun. Takalmin ya yi wa mai shi yawa, duga-dugansa na jan rairayi. Ya bi shi har wata bukka a gefen fadama, inda ya tarar da Jatau gyartai zaune cikin fasassun ƙore, takalman a ƙafarsa, ya cusa tsumma a gabansu. Jatau ya ce Issa ya ba shi su, ranar da ya zauna a nan yana damunsa da tambayar ɗinki.

Jama'a ba su so su koma hannu wofi ba. Wani ya ce ai ƙwaryar ƙaryar ma ɗinki gare ta, wa ke ɗinkin ƙwarya a nan in ba gyartai ba? Aka aika aka kawo ta. Jatau ya riƙe ta da yatsu biyu kamar an miƙa masa mushen ɓera. Ya ce ta gaske shi ya ɗinke ta tun yana saurayi, da zaren kaba, ƙulli a waje. Wannan kuwa ɗinkin zane ne, na mai allura, ƙulli a ciki inda nono zai maƙale ya yi tsami.

"In ni na yi wannan," ya ce wa wanda ya yi maganar, "ka kai ni wajen jandarma da kanka, ba don satar ba, don aikin."

Aka yi dariya, aka watse rabi. Gado ya karɓi ƙwaryar ya sa a hammata. Abin da ya samu a wannan kewayen ɗaya ne: ta gaske ba ta bar gari ba.

*

Inna Kubra tana zaune a ƙofar ɗakinta, tsohuwa busasshiya, idanunta sun fara hazo. Ta ce wa Gado ya shiga ya duba abin da zai duba, amma kada ya kusanto mata da wannan abar da ke hammatarsa.

Ɗakin shimfiɗe yake da farin rairayi. An share shi, shara mai kyau, daga gado zuwa ƙofa. Amma tsintsiya sama take shafa, ba ta cike abin da nauyi ya danne. Daidai ƙarƙashin ragaya, da ya durƙusa ya hura rairayin, da'irar bakin turmi ta fito. An kife turmi an hau. An kuma mayar da shi mazauninsa a tsakar gida, ba a yi kuskuren wuri ba. Gado ya miƙa hannu, yatsunsa suka taɓa ragayar. Issa ya fi shi tsawo nesa, ba ya bukatar turmi.

Ya tambayi tsohuwar ko tana ganin Issa ne. Ta ce ba ta ganin komai yanzu, ji take yi. Ta ce yaron nan, ranar farko, ta jera masa ƙore ya ware na hannun uwarta daga na hannunta, bai kuskure ko ɗaya ba. 'Ya'yan cikinta maza ba su iya haka. Shi ya sa abin ya ci mata rai.

'Yarta Ajuma ce ta kawo masa ruwa, gajeriyar mace mai zanen birni, wadda ke aure a Dogon Dutsi, ta zo suna da mijinta. Ita ta fara kawo Issa gidan. Da Gado ya sha ya miƙa mata ƙoƙon, ta tambaye shi ƙasa-ƙasa ko jandarma za a ba Issa. Ya ce wannan maganar maigari ce.

*

Issa yana zauren maigari, ya jingina da bango, ƙafa ba takalmi. Suka gaisa kamar a kasuwa suka haɗu. Gado bai tambaye shi ko shi ya ɗauka ba, Issa ma bai ce ba shi ba ne.

Gado ya ajiye masa ƙwaryar. Issa ya ɗauka ya juya ta sannu a hasken ƙofa. Gado ba ƙwaryar yake kallo ba, idon yaron yake kallo. Idon ya bi zanen har baki, ya tsaya a wuri ɗaya, ya daɗe, sannan ya kauce. Issa ya ajiye ta ya ce aiki ne mai kyau, an shafe ta da man shanu, an turara ta da hayaƙi don ta tsufa.

Gado ya ce ya nuna masa hoton ta gaske. Issa ya zaro shi daga jaka, suka ajiye su gefe da gefe a tabarma.

Zanen bai dami Gado ba, layuka ne da ƙananan kusurwoyi. Amma a tsakiya akwai ƙadangare, kuma shi duk abin da ke da ƙafa sai ya duba inda ya nufa. A hoto ƙadangaren ya miƙe kai sama, wutsiyarsa ta lanƙwasa dama, ɗinkin Jatau yana wajen damansa. A ƙwaryar wutsiya ta yi hagu, ɗinkin ma hagu. Ya sake duba layukan. Duk abin da ya karkata dama a hoto, a nan ya karkata hagu, babu wanda ya saɓa.

Ya ce mai kwaikwayo daga ƙwaƙwalwa yana kuskure nan da can. Mai kallon abu a gabansa ba ya juya shi. Wannan kuwa bai yi kuskure ko ɗaya ba, sai dai ya juya komai. A ina ake ganin abu haka?

Issa ya auna abin da amsar za ta jawo. Sannan ya buɗe wani ɗan gwangwani ya zaro baƙin fim mai tsawo, ya ce daga irin wannan ake wanke hoto. Ya ce wa kawunsa ya ɗaga shi a rana. Gado ya ga rijiya, guga a damanta. Issa ya juya masa fim ɗin baya. Guga ta koma hagu.

Fim ɗin ƙwaryar Kubra, in ji Issa, yana wajen Ɗantala mai hoto a Dogon Dutsi, shi ke wanke masa. Ɗantala kuwa shi ne mijin Ajuma.

Gado ya naɗe fim ɗin ya sa aljihu. Ya nuna bakin ƙwaryar da sanda, daidai inda idon Issa ya tsaya ɗazu.

"Hannun wa ka gani nan?"

"Na gani, Kawu. Ba ni faɗi."

Gado ya tuna masa abin da maigari ya ce. Issa ya ce ya ji. Ya ce matan nan sun bar shi ya shiga ɗakunansu ya koyi hannuwansu don ya ce musu littafi zai rubuta. In yau ya yi amfani da abin da suka nuna masa ya kama ɗaya daga cikinsu, ya zama ɗan leƙen asiri, ko an buɗe masa ƙofa bai cancanci shiga ba.

"Shekarun da ka yi cikin sanyin Nasara hwa?"

"Suna nan inda na yi su."

Gado ya kwance ƙullin goronsa. Ya ɓare ɗaya ya tauna. Ya ce shi ma ba a taɓa nuna masa sawu da baki ba, ya tashi.

*

Ɗantala ya sauka a gidan maƙwabta, tun da ba zai kwana inuwa ɗaya da surukarsa ba. Ƙato ne mai tabarau da hular birni, mai son magana. Kafin a tambaye shi ya rantse bai taɓa taka tsakar gidan Inna Kubra ba tun da ya auri 'yarta. Ko jiya daga bayan danga ya ɗauki hoton suna. Ya ce ya san ana kallonsa saboda yana da abokan ciniki Nasara, amma shi fuskar mutane yake sayarwa.

Gado ya bar shi yana zuba. Can ya zaro fim ɗin rijiya ya miƙa masa a juye, ya ce ya duba masa ko wannan aikin kirki ne. Ɗantala ya karɓa ta gefe-gefe, bakinsa bai tsaya ba, idonsa na kan Gado. Yatsunsa da kansu suka juya fim ɗin daidai kafin ya ɗaga shi sama.

Gado ya tambaya a ina yake shanya fina-finan Issa. Ya ce a ƙuryar ɗakinsa na gida, inda ƙura ba ta kaiwa, kuma ba mai shiga sai iyalinsa. Yana faɗin haka maganar ta ƙare masa.

*

Bayan la'asar aka taru a tsakar gidan Kubra. Maigari a kan buzu, Jatau da takalmansa, Issa a tsaye jikin rumbu, mata a gefen murhu. Ɗantala yana waje, ya ba danga baya.

Gado ya ajiye ƙwaryar a tsakiya. Ya ce ta gaske tana cikin gidan nan. Wanda ya sauke ta sai da ya hau turmi, kuma ya san inda turmi ke zama da yadda ake sharar ɗakin. Ɗinkin na mai allura ne. Ya nuna musu ƙadangaren a hoto da ƙadangaren a ƙwarya, ya ɗaga fim ya juya shi gaba da baya, har maigari ya karɓa ya gwada da kansa. Ya ce wanda ya yi zanen daga fim ya kwafe shi, a juye. Issa yana da hoton a jaka, ba ya bukatar fim. Mai hoto kuwa ko a mafarki ba ya riƙe fim a juye.

Maigari ya ce to wane ne.

Gado ya ce nan sawunsa ya tsaya. Sauran a jikin ƙwaryar yake, kuma akwai wadda ta fi shi iya karanta shi. Ya ɗauka ya kai gaban Kubra.

Ta ce ta rantse ba ta ƙara taɓa ta. Ya ce jiya nauyinta ta ji ta sake ta, ba ta tsaya ta ji zanen ba. Ya ci gaba da riƙewa. Da ta ga ba zai janye ba ta karɓa.

Babban yatsanta ya bi layukan kamar mai tsince tsakuwa a gero. Ya sauka kan ƙadangaren, ya hau, ya kewaya baki, ya kai inda layin bakin ya haɗu da mafarinsa. A nan masu zanen gidan suke ɗan murɗa wuƙa su ɓoye mahaɗin. Yatsan ya tsaya. Ya koma ya sake bi.

"Ajuma," in ji tsohuwar, ba ta ɗaga kai ba. "Tashi ki ɗauko mini kayana."

Ajuma ta tashi. Ta je inda aka jera kayan baƙi, ta buɗe babban masakin da aka cika mata da geron tsaraba, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta fito da ƙwaryar a naɗe cikin ɗankwali. Ta durƙusa ta ajiye a gaban uwarta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ranar da Issa ya ɗauki hoton tana bakin ƙofa, ta ji Inna na ce masa in ya gama karatunsa ya zo ya ɗauke ƙwaryar, tun da ba ta da 'ya a kusa da za ta riƙe. Mijinta kuma ya sha faɗin yadda ake yi da irinsu a Faransa: a sa su bayan gilashi, ba nono, ba ruwan aski. Shi ya sa ta ce in za a ba da wata, a ba da ta hannunta. Ta ɓata ƙore da yawa kafin wannan ta fito. Ta ɗauka idon Inna ba zai rabe ba. Da aka kama sunan Issa kuwa bakinta ya yi mata nauyi, wannan ba ta da abin cewa a kai.

Kubra ta ce maganar da ta yi wa yaron ba don kunnensa ta yi ta ba, ta san wadda ke bakin ƙofa. Issa ya ce ko an ba shi ba zai ɗauka ba. Tsohuwar ta ce ba a tambaye shi ba.

Ta ɗora ƙoren biyu a cinya, hannu ɗaya a kan kowace.

"Ƙarƙashin ƙwaryar ga anka haihe ki. Kullum kina kwance kina kallon gindinta. Kinka tashi yin ta, kinka yarda da baƙar fatar hoto ta Nasara, kinka ƙi idonki. Ga shi ƙadangarenki ya ɓata hanya."

Ajuma ta sunkuyar da kai. Kowa ya jira sauran faɗan. Sai tsohuwar ta miƙa sabuwar ƙwaryar wajen matan murhu, ta ce su zagaya da ita kowace ta shafa, su faɗa mata in akwai wadda ke jan layi haka daga nan har Dogon Dutsi. Ƙwaryar ta zagaya ta dawo. Ba wadda ta ce akwai.

Maigari ya yi gyaran murya ya tambaya yadda za a yi da satar. Kubra ta ce ba ta ga sata ba, kayan gida ya tashi daga ragaya ya koma masaki. Maigari ya juya wajen Issa ya ce to an wanke shi, amma kowa ya ga abin da ya jawo fitinar, wannan akwatin ne. Shi ya janye maganar aike, sai dai ba zai tilasta wa kowace mace buɗe ɗakinta ba. Matan suka juya gaba ɗaya. Kubra suke kallo, kuma Gado ya san abin da ta yi shi za a yi a kowane gida, labarin kuma zai riga Issa isa Geceme.

Tsohuwar ta tambayi Gado ko yaron ya san hannun wa ne.

"Tun da ya ɗora ido a kai. Na matsa mishi, ya ƙi."

Ta daɗe tana fuskantar inda Issa ke tsaye, ko da yake ba lalle tana ganinsa ba. Sannan ta miƙe, ta rungumi ƙoren biyu, ta ƙi hannun da ɗanta ya miƙo. Ta shiga ɗaki, ta kira Ajuma ta bi ta. Ƙyauren kara ya ja ya rufe.

Muryarta ta fito daga ciki.

"Gado, gaya ma ɗan ƙanwarka akwatin nan nashi ba ya ƙara ƙetare dangata. Shi ya zo gobe da hantsi. Ajuma ta hura wuta, ni in ba shi wuƙa. Ba ya rubuta zanen gidanmu sai ya ƙona yatsa a kanshi."